Yadda Ake Haɗa wa Yara Kayan Koyo na Taɓawa da Hannu: Kimiyya, Halittu da Harshe

Yaro ɗan shekara biyar zai iya haddace cewa maganaɗisu yana jan ƙarfe, ya maimaita maka sau goma babu tuntuɓe. To miƙa masa maganaɗisun, ka ajiye ƙusa da gwangwanin alminiyam a gabansa. Ƙusa za ta manne caf. Gwangwanin kuwa sai ya yi ta dannawa yana saki, yana juya shi, yana duban fuskarka, don a wurinsa wannan ma ƙarfe ne. A ɗan lokacin nan da ya tsaya yana mamaki ne karatu yake shiga. Amfanin kayan koyo na taɓawa ke nan: yaro ya riƙe, ya gwada, ya kuskure, kayan da kansu su nuna masa inda ya kauce.

Dabarar ta daɗe. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindergarten a 1840, ya tsara wa yara ƙwallayen zare da 'yan tubalan katako da ake ba su daki-daki. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a watan Janairun 1907, kuma da yawa daga kayan da ake sayarwa yau daga nata aka kwaikwayo su. Na sayarwar suna da kyan gani, amma kwali da almakashi da gam da kwalabe marasa amfani sun isa su yi kusan duk abin da za a bayyana a nan.

Ƙa'idoji biyu ne za su raka ka har ƙarshe. Ta ɗaya, kowane kaya ya koyar da abu ɗaya tak. In tsawo kake so yaro ya lura da shi, sandunan su zama launi ɗaya da kauri ɗaya, tsawon kaɗai ya bambanta. Da ka yi musu fenti kala-kala, hankalinsa ya koma kan kalar. Ta biyu, kayan su iya gaya wa yaro ya yi kuskure ba sai babba ya buɗe baki ba. Misali, in katuna shida ne da gurabe shida, wanda ya rage a hannunsa a ƙarshe shi zai sanar da shi cewa akwai inda ya sa ba daidai ba.

Mataki na farko: wuri da tire

Nemi kanta ko benci da bai wuce ƙirjin yaron ba. Kowane aiki a ba shi tirensa ko kwandonsa, da duk abin da yake bukata a ciki, har da ɗan tsumman goge ruwa in aikin ruwa ne. Kada tirarrukan da ke waje su wuce shida zuwa takwas a lokaci guda. Sauran a ɓoye. A tanadi 'yar shimfiɗa da yaro zai baje aikinsa a kai, ya san iyakarsa ke nan, ɗan'uwansa ma ya san ba a takawa.

Kafin komai ya hau kantar, a tace shi. Yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da zai iya wucewa ta cikin bututun kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida ya yi masa ƙanƙanta, zai iya shaƙe shi. Abubuwa biyu kuwa ko ga manyan yara ba a sakaci da su: ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, waɗanda in yaro ya haɗiyi biyu sukan manne da juna ta jikin hanji su huda shi, da ƙananan batura masu siffar maɓalli, waɗanda suke ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. A yi amfani da babban maganaɗisu guda, wanda ba ya shiga baki.

Mataki na biyu: tirarrukan kimiyya

Fara da ruwa, don babu yaron da ke ƙin sa. A samu roba mai faɗi wadda ake ganin cikinta, a zuba ruwa rabi. A tara abubuwa goma: tsakuwa, ƙusa, marfin gora, guntun katako, soso, cokalin ƙarfe, cokalin roba, ganye, maɓalli, kyandir. A yi katuna biyu, ɗaya da zanen abu a ƙasan ruwa, ɗaya da abu a sama. Dokar wasan ita ce yaro ya fara cewa "zai nutse" ko "zai taso" ya ajiye abin a ƙarƙashin katin da ya zaɓa, sannan ya jefa. Wannan hasashen shi ne rabin aikin. In aka tsallake shi, wasan ruwa kawai aka yi.

Kusan kowane yaro zai yanke hukunci cewa mai nauyi ne ke nutsewa. Kada ka musa masa. Kawo ƙaramin fil da babban guntun katako, ka bar shi ya auna su a tafin hannu, ya jefa. Bayan kwana biyu ka kawo yumɓu: ya mulmula shi dunƙule, ya nutse, ya buɗe wannan yumɓun dai ya yi masa siffar kwale-kwale mai siririn gefe, ya tsaya a sama. Nauyin bai canza ba, yawan ruwan da abin yake turewa ne ya ƙaru. Ga 'yan shekara 7 zuwa sama, a sa ƙwai a kofin ruwa ya nutse, yaro ya riƙa zuba gishiri cokali-cokali yana motsawa yana ƙirgawa har ƙwan ya taso. Ya rubuta adadin cokulan. Gishirin ya sa ruwan ya fi ƙwan nauyi in aka gwada su girma ɗaya.

Tiren maganaɗisu haka yake tafiya, da katin "yana kamawa" da "ba ya kamawa". Abin kula shi ne a saka ƙarafan da ba ya ja da gangan: gwangwanin alminiyam, guntun wayar jan ƙarfe, makullin tagulla. Maganaɗisu baƙin ƙarfe yake ja, da wasu ƙarafa kaɗan irin su nikel da kobalt. In duk ƙarafan da ke tiren suna mannewa, ka koya wa yaro ƙarya da hannunka.

Sikeli ba shi da wuya: hangar kaya, kofunan roba biyu iri ɗaya, zare mai tsawo ɗaya a kowane gefe, a rataye a hannun ƙofa. Marafan gora su zama ma'auni. Fensir marfi nawa ne? Cokali fa?

Akwai wani gwaji da ya kamata kowane mai koyar da yara ya yi ko sau ɗaya, don kansa ma. Zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, yaro ya yarda sun yi daidai. A gabansa ka juye ɗaya cikin doguwar siririyar kwalba. Tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawancin yaran da ba su kai shekara 6 ko 7 ba za su nuna doguwar kwalbar. Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya shahara da wannan gwajin. Ba rashin kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, kuma bayani ba ya gyara shi. Ka bar masa kofuna da mazurari ya yi ta juyawa, wata rana da kansa zai ce maka ai ruwan bai ƙaru ba.

Na haske sai a fita waje. Kafa sanda a miƙe a fili inda rana ke bugawa yini guda. Duk bayan sa'a ɗaya yaro ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar, ya auna tsawonta da zare ko rula. Da safe inuwa tana miƙewa wajen yamma, da yamma ta koma gabas, kuma mafi gajartarta tana zuwa ne lokacin da rana ta kai ƙololuwa, wanda sau da yawa ba ya dacewa da ƙarfe 12 na agogo. Manyan yara kuma a yi musu akwatin hoto: kwalin takalmi, a huda ƙaramin rami da allura a gefe ɗaya, a yanke taga a gefen da ke kallonsa a manna takarda mai shara-shara. A shiga ɗaki mai duhu a fuskantar da ramin ga kyandir mai ci, za a ga harshen wutar a kan takardar, kai a ƙasa. Haske a miƙe yake tafiya, don haka wanda ya fito daga saman wutar yakan faɗa ƙasan takardar. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi bayanin wannan tun kimanin shekara dubu da suka wuce. A ja wa yara kunne, ba a kallon rana kai tsaye ko da ta cikin rami ne.

Mataki na uku: tsirrai da ƙwari da sama

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, don abu mai rai ba ya gaggawa, kuma jiran da yaro zai yi yana cikin darasin.

A samu kwalabe huɗu masu faɗin baki da ake ganin ciki. A jiƙa ƙwayoyin wake dare ɗaya, a bar kaɗan a bushe. A naɗe takarda mai shan ruwa a jikin kwalbar ta ciki, a cusa auduga a tsakiya don ta tokare ta, sannan a zura ƙwayoyi uku tsakanin takardar da gilashin, yadda za a riƙa ganinsu. Kwalba ta ɗaya a jiƙa ta a ajiye kusa da taga. Ta biyu a jiƙa ta a saka cikin kabad mai duhu. Ta uku a sa mata busassun ƙwayoyin, kada ta ga ruwa. Ta huɗu a cika ta da ruwa har ya shanye ƙwayoyin. A liƙa wa kowace lamba. Damshi ake so a ta ɗaya da ta biyu, kada ruwa ya kwanta.

Cikin 'yan kwanaki fatar ƙwayar za ta tsage, saiwa ta fara fitowa kafin komai, kuma ƙasa take nufa ko ta yaya aka ajiye ƙwayar. In ta kai tsawon ɗan yatsa, a kwantar da kwalbar a gefenta, washegari za a ga bakin saiwar ya lanƙwasa ya sake nufar ƙasa. Ta uku ba za ta motsa ba. Ta huɗu za ta kumbura ta ruɓe, don iri yana bukatar iska. Ta cikin duhu ce ke ba manya ma mamaki: tana tsirowa, har takan fi ta taga tsawo, sai dai fara ce sol ko rawaya, siririya, ba ƙarfi. Ashe wake ba ya bukatar haske kafin ya tsiro, abincinsa na farko yana cikin ƙwayar. Hasken sai ganye ya fito yake zama dole. A fito da ita taga, a ga yadda take komawa kore.

Kullum da safe yaro ya zana abin da ya gani a littafinsa, ya sa kwanan wata. Abin da ya gani, ba abin da ya san tsiro yana kama da shi ba. In ya zana fure a rana ta uku, ka ce, "Nuna mini shi a kwalbar."

Ga manyan yara akwai tambaya mai daɗi: daga ina jikin bishiya yake fitowa? Za su ce daga ƙasa. Jan van Helmont, wani likita ɗan birnin Brussels, ya dasa reshe mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗori a tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, ya yi shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace. Daga baya aka gano cewa kaso mai yawa na itacen daga iskar da ganye ke shaƙa yake samuwa. Don yaro ya ga ganye yana aiki, a ɗaure farar leda a kan reshe mai ganye da safe, a dawo da rana a tarar da ɗigon ruwa a ciki. A ɗaure wata a busasshen reshe don kwatantawa.

Teburin halittu kuma yaro ne zai cika shi. A fita da kwando da gilashin ƙara girman abu, a tsinto ganyaye, ɓawon itace, gashin tsuntsu, duwatsu, ƙwayoyin iri. A gida ya ware su yadda ya ga dama, ka tambaye shi dalili. Ganyen da ake so ya daɗe a shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, a danne da littattafai masu nauyi mako biyu, a manna a kwali. Ƙwaro kuwa a saka shi a kwalba mai huji a marfi, a ƙirga ƙafafunsa, a sake shi kafin dare. Tururuwa da fara da ƙudan zuma ƙafa shida gare su, jikinsu kashi uku. Gizo-gizo ƙafa takwas, jiki kashi biyu, don haka masana ba sa sa shi a sahunsu. In an yi sa'ar samun tsutsa a kan ganye, a ɗauko ta da irin ganyen da aka same ta a kai, domin yawancinsu ba sa cin wani, a riƙa canza mata sabo har ta ƙulle kanta ta fito da fukafukai. A wanke hannu bayan kowace fita, kuma abin da ba a san shi ba a dube shi da ido kawai.

Watan da ke sama ma kayan aiki ne, kyauta. Takarda mai da'ira 30, kowane dare a cike siffar da aka gani. Zagayensa kwana 29 da rabi ne, kuma kullum yakan makara fitowa da kimanin minti 50, shi ya sa bayan ya cika sai yaro ya neme shi da farkon dare ya rasa, ya gan shi da safe.

Mataki na huɗu: harshe

Kunne kafin ido. Tun kafin a nuna wa yaro harafi, a tara ƙananan abubuwa a kwando: mota, zobe, soso, fensir. A ɗauko biyu a ce, "Ina ganin wani abu da ya fara da mmm." Sautin ake furtawa, ba sunan harafin ba. In ya ƙware a farkon kalma, a koma tafa gaɓoɓi: mo-ta tafi biyu, al-ma-ka-shi tafi huɗu.

Sannan haruffan samfefa. A yanka kwali mai kauri kamar faɗin tafin hannun babba. A zana ƙaramin harafi a bayan samfefa mai laushi, a juye, domin in an yanko an kifa ya fito daidai. Wannan ne wurin da aka fi ɓata samfefa. A manna wasula biyar, a e i o u, a kwali mai launi ɗaya, baƙaƙe a wani launin. Haruffa masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ, kowanne da katinsa, haka ma sh da ts, don kowannensu sauti ɗaya ne. Yaro ya bi harafin da yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, ta inda ake fara rubuta shi, yana furta sautin. In yatsa ya zame daga kaushi zuwa santsi, ya san ya fita layi. Kusa da shi a ajiye tire mai ɗan yashi ya maimaita siffar. Girgiza ɗaya ta share kuskure, ba kuka ba gogewa.

Kada a bi jerin abacada. A fara da wasali ɗaya ko biyu da baƙaƙen da ake iya jan sautinsu, irin m, s, n, r, kuma a raba masu kama da juna kamar b da d da makonni. Da ya san sautuka goma, a yanka masa haruffa 'yan ƙanana, kowanne kwafi biyar ko fiye, a zuba a akwati mai gida-gida. Da su zai gina gaɓa, ma mi mu, sannan kalma, tun hannunsa bai iya riƙe fensir da kyau ba. Montessori ta lura cewa yara da yawa sukan iya harhaɗa kalma kafin su iya karanta ta wani. In ya rubuta "mta" maimakon mota, ka ja kalmar a hankali ya ji abin da ya ɓace. Daga baya a kawo hotuna bibbiyu masu bambancin sauti ɗaya, kamar baki da baƙi, ko kara da ƙara, ya ɗora wa kowane hoto kalmarsa.

Inda harshe da kimiyya suke haɗuwa shi ne katuna masu kashi uku. Ɗauki tsiron waken nan. Zana shi sau biyar, a kowane zane ka yi wa sashe ɗaya kaɗai launi: saiwa, kara, ganye, fure, iri. Yi kwafi biyu na kowanne da sunan a ƙasa. Kwafi ɗaya a bar shi cikakke, ɗayan a yanke sunan daga hoton. Wanda bai fara karatu ba ya haɗa hoto da hoto. Mai karatu ya jera hotuna, ya ɗora sunaye, sannan ya buɗe cikakkun katunan ya duba kansa. In gidan ko ajin ana harshe biyu, a yi saitin sunaye na biyu a wani launi, hotunan su zauna yadda suke.

Mataki na biyar: yadda ake gabatarwa

Kaya mai kyau yakan lalace a hannun babba mai yawan magana. Zauna a gefen yaron, ba gabansa ba, don ya ga hannunka yadda zai ga nasa. Yi aikin a hankali, kusan shiru. In hannu yana aiki baki ya huta, in za ka yi magana hannu ya tsaya.

Sabbin kalmomi ana koyar da su a hawa uku, hanyar da Montessori ta ɗauko daga likitan Faransa Édouard Séguin. Abu biyu ko uku kawai a ajiye. Hawa na farko ka faɗi suna: "Wannan saiwa ce. Wannan ganye ne." Na biyu shi ne mafi tsawo, kai ke faɗin sunan shi yana nunawa: "Nuna mini saiwa. Ɗora ganye a kan gwiwarka. Kai wa yayarka saiwa." A sauya musu wuri, a maimaita, a yi dariya. Na uku sai ka tabbata zai ci: "Mene ne wannan?" In ya ce ganye alhali saiwa ce, kada ka ce a'a. Ka ce to, mu ajiye, gobe a koma hawa na farko.

Idan ya tambaya, "Baba, me ya sa wannan bai tsiro ba?" amsar da ta fi amfani ita ce, "Me ka gani ya bambanta shi da wancan?" Ka ƙirga goma a zuci kafin ka ƙara ko kalma ɗaya.

Duk mako biyu a duba kantar. Tiren da ya yi kwanaki ba a taɓa ba, ko ya yi sauƙi ne ko ya yi wuya; a ɗauke shi a dawo da shi bayan wata guda. Wanda yaro ke maimaitawa kullum a bar shi ko da kai ka gaji da ganinsa, sai dai a ƙara masa abu ɗaya sabo. Katin da ya yage a gyara shi a ranar, saitin da ya rasa guda a janye shi har a cike gurbin, domin da zarar ya zama katuna biyar da gurabe shida, ya daina nuna wa yaro kuskurensa. Katunan da ake yawan taɓawa a lulluɓe su da faffaɗan salatif gaba da baya, a rubuta adadin kowane saiti a ƙasan tirensa don mai kwashewa ya ƙirga kafin ya mayar.